Haruffan Jarra a Zauren Sakkwato da a Bakin Mutanen Italiya

 

Jama'a masu sauraro, mas'alar da muka ɗauko yau ta nahawu ce, kuma na san da jin sunanta wani dattijo zai gyara zama ya ce ina ruwan Basakkwace da wannan, domin kuwa zancenmu ya shafi wasu 'yan ƙananan kalmomi guda tara na harshen mutanen Italiya, waɗanda malamansu suke gabatar wa baƙo tun a farkon karatunsa, kuma waɗanda baƙon yakan yi shekaru a ƙasar yana ci yana sha da mutanenta bai gama mallakarsu ba. Ina roƙon dattijon ya yi mini haƙuri kaɗan, gama ina kyautata zaton cewa kafin mu rabu zai ga mas'alar tsohuwa ce a wurinsa, ya daɗe da saninta da wani suna, a zauren malaminsa kuma ya fara jinta tun gemu bai fito masa ba.

Da farko dai, tsakaninmu da ƙasar Italiya akwai alaƙa wadda ta fi yadda galibinmu suke tsammani. Jar akuyar Sakkwato, wadda 'yan'uwanmu na Maraɗi su ma suke kiwo, fatarta ta yi suna tun zamanin da ayari ke keta Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, inda Turawa suka riƙa saye suna kiranta fatar Maroko, alhali kuwa majeman ƙasar Hausa ne suka jeme ta. Yau kuma fatun da dillalai suke tarawa a kasuwanninmu, bayan sun bi ta masana'antun jima na Kano a Challawa da Sharaɗa, da yawansu Italiya suke ƙarewa, ƙasar da take da garuruwan da aka sani da sana'ar fata kamar Solofra kusa da Napoli, da Santa Croce a bakin kogin Arno. Manyanmu kuma ba su manta ba cewa kamfanin Impresit na 'yan Italiya ne ya gina madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara tsakanin 1974 da 1978, aka kammala ta a lokacin da wurin yake cikin Jihar Sakkwato, kamar yadda ba su manta da abin baƙin cikin da ya sami manoman wurin a 1980 ba, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sa'an nan ga 'ya'yanmu da suke can, wasu da takardar karatu, wasu da fatauci, wasu kuwa ta hanyar Agadas da Libiya da teku, hanyar da ta cinye rayuka masu yawa, wadda ba na yi wa ɗan kowa fatan ya bi ta.

Bal ma alaƙar ta girmi duk wannan. Wani malami mutumin Fas, al-Hasan ɗan Muhammadu al-Wazzan, wanda 'yan fashin teku suka kama a 1518 suka kai wa Paparoma Leo na Goma a birnin Roma, ya zauna a can ya koyi harshensu, ya kuma rubuta da shi littafin bayanin Afirka wanda ya kammala a 1526, aka buga shi a Venis a 1550. A cikinsa ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, har ya faɗi labarin takalman da masu sana'a na Gobir suke ɗinkawa ana kai su Tambutu da Gawo. Ke nan da Italiyanci ne Turawa masu yawa suka fara karanta sunayen garuruwanmu, daga alƙalamin mutumin da ya tashi da karatun nahawun Larabci irin wanda muke yi, kuma Ramusio, wanda ya buga littafin, sai da ya sa hannu ya gyara masa lafazi, domin harshen da mutum ya koya da girma ba ya rasa barin alama a rubutunsa.

To, ga kalmomin nan tara, zan faɗe su a hankali domin mai alƙalami ya rubuta: di, a, da, in, con, su, per, tra, fra. Harafin farko na con da kafi ake furta shi, kamar a ce kon. Babu wadda ta wuce gaɓa ɗaya a cikinsu, ba sa canja siffa saboda namiji ko tamata ko jam'i, kuma aikinsu shi ne su shiga gaban suna su nuna dangantakarsa da sauran zance: ko wurin da aka fito ne, ko inda aka nufa, ko abin da aka yi aiki da shi, ko wanda aka yi dominsa. Harshen Latin, wanda shi ne uban Italiyanci, yana nuna da yawa daga cikin waɗannan ma'anoni da canja ƙarshen suna, kwatankwacin abin da Larabci yake yi da rufu'a da fataha da kisira. Da zamani ya yi tsawo sai ƙarshen sunayen ya goge a bakin jama'a, nauyin ya koma wuyan waɗannan 'yan kalmomi. Ta wannan fuska Italiyanci ya fi kusa da Hausa bisa ga Larabci, tun da mu ma sunanmu ba ya karɓar i'irabi, Musa yana nan Musa ko shi ya buga ko shi aka buga.

Yanzu dattijonmu ya gane su. Haruffan jarra ne.

Duk wanda ya taɓa zama a zauren ilmi a garin nan na Sakkwato, a Gidaɗawa ko a maƙwabtan Hubbare ko a kowace shiyya, ya san yadda abin yake. An idar da sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, malam yana bisa buzunsa ya jingina da bango, littattafai a cikin gafaka a gefensa, ɗalibai sun zauna bisa tabarma kowa yana jiran layinsa. Wanda ya kai Ajurrumiyya ya matso ya buɗe 'yar takardarsa mai gefe cike da jan tawada, yana jan kalma ɗaya malam yana ba shi Hausarta: min, daga, ila, zuwa ga, ala, a bisa, fi, a cikin, ba, da, kaf, kamar, lam, ga ko domin. Idan aka zo kan an, wadda Hausar kasuwa ba ta da takwararta sak, sai ka ji malam ya ce ga barin, ko daga barin, lafazin da malamanmu suka ƙera da kansu domin kada ma'anar nisanta da kaucewa ta salwanta a tsakanin harsuna biyu, kuma har gobe shi ake ji a bakin masu tafsiri cikin watan azumi. Mai littafin nan, Ibnu Ajurrum, a Fas ya rasu a 1323, shekara biyu bayan rasuwar Dante na Firenze, mawaƙin da karin harshen garinsu ya zama tushen daidaitaccen Italiyanci. Daga Ajurrumiyya ɗalibi ya wuce Mulha da Ƙaɗrun Nada, in Allah Ya ba shi himma ya hau Alfiyya, inda Ibnu Malik ya ƙidaya haruffan jarra har ashirin.

Wannan karatu gadonmu ne tun daga tushen Daula. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a cikin Ida'un Nusukh, inda ya lissafa malamansa da abin da ya ɗauka wurin kowane, ya ambaci cewa wurin wansa Shehu Usmanu ya karanta Ajurrumiyya da Mulha da Ƙaɗru. Sa'an nan shi da kansa ya tsara Bahrul Muhiɗ a fannin nahawu, waƙa mai dubban baitoci, da Hisnur Rasin a fannin sarfu, duk kuwa da ɗawainiyar yaƙi da ta mulkin Gwandu da ke wuyansa. A zamaninmu kuma marigayi Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, bai tsaya ga Larabci kaɗai ba, har nahawun Fillanci ya yi wa talifi. Mutanen da suka ɗauki takobi da alƙalami a lokaci guda ba su ga ɓata lokaci ba ne su zauna su bi diddigin harafi ɗaya, kuma suna da hujja.

Hujjar kuwa kowane mai alwala yana ɗauke da ita a kansa sau biyar a yini. A cikin ayar alwala ta Suratul Ma'ida, harafin ba ne ya shiga gaban kalmar kawuna wajen umurnin shafa, kuma a kan wannan harafi guda, wanda a rubuce ɗan lanƙwasa ne da ɗigo ɗaya a ƙarƙashi, manyan limamai suka rabu: Shafi'iyya suka ce yana nuna sashe, saboda haka shafar wani ɓangare na kai ta wadatar, Hanafiyya suka ƙaddara rubu'in kai, mazhabarmu ta Imamu Malik kuwa, a mashhurin zance, ta tafi a kan cewa harafin bai rage kome daga kai ba, sai a shafe shi duka daga goshi zuwa ƙeya, kamar yadda aka koya mana a Ahalari da Ishmawi da Risala. Haka nan ila da ta zo gaban gwiwar hannu a ayar, aka yi bahasi ko iyakar tana shiga cikin abin da aka iyakance ko ba ta shiga, jamhuru suka ce tana shiga. Ibnu Hisham na Masar, a cikin Mugnil Labib, ya kawo wa ba ɗin nan kaɗai ma'ana goma sha huɗu. Wanda aka rene shi da irin wannan tarbiyya ba zai taɓa raina gajeriyar kalma ba, kuma wannan ne jarin da nake so matasanmu su san suna da shi kafin su buɗe littafin koyon kowane harshe.

Amma akwai abin da ya fi wannan amfani ga mai koyo, shi ne tambayar da malam yake jefo wa ɗalibi duk sa'ad da ya yi i'irabi ya ce jarrun wa majrurun. Malam ba ya barinsa ya wuce, sai ya ce: da me ya rataya? Domin ƙa'ida ce a wurin nahawiyyai cewa harafin jarra na asali da sunan da ya ja ba sa tsayawa su kaɗai, lalle suna da muta'allaƙi, watau aikatau ko mai kama da shi wanda suke rataye a jikinsa, kuma daga can ma'anarsu take fitowa. Ɗalibin zaure ya san cewa ragiba fihi ya so abu ne, ragiba anhu kuwa ya ƙi shi ya juya masa baya. Ya san da'a lahu addu'ar alheri ce, da'a alaihi kuwa mugun baki ne. Badukun da ya yanka fata gunduwa-gunduwa bai yi jaka ba tukuna, sai zare ya bi ya haɗa kowane yanki da ɗan'uwansa, kuma ba a sanin kyan ɗinki sai an dubi abin da aka haɗa da me. Kuskuren da na fi gani ga masu koyon harsunan Turai shi ne su rubuta jeri biyu a takarda, wannan kalma ma'anarta kaza, waccan ma'anarta kaza, su hardace, su ɗauka an gama. Alhali abin da ya kamata a hardace shi ne harafin tare da abin da ya rataya gare shi.

Mu gwada wannan ma'auni a kan Italiyanci, mu fara da inda santsi ya fi yawa ga Bahaushe, watau kalmomi biyu da suka yi kama da namu har a furuci, a da kuma da.

Idan ɗan Italiya ya ce abito a Sokoto, nufinsa ina zaune a Sakkwato, Bahaushe zai yi murna ya ce ashe abin gida ne, kuma a nan ya yi daidai. Sai dai namu a na zama ne kurum, ba ya tafiya. Mukan ce na tafi Kano, ba mu sa kome a tsakani, gama aikatau ɗinmu shi ke ɗauke da alƙibla, ya fita ya fito, ya tafi ya taho, ya saya ya sayo. Su kuwa ba sa yarda aikatau irin wannan ya taɓa sunan gari kai tsaye, dole a ce vado a Kano, da harafin nan dai na zama. Kuma shi ne suke sawa a inda muke cewa wa, ko ma a bakinmu na Sakkwatawa: scrivo a Musa, ina rubuta wa Musa. Sa'an nan da zarar an bar gari an ambaci ƙasa, sai a ya kauce in ya shigo, a ce a Roma amma in Italia, a Sokoto amma in Nigeria. Ƙaramin tsibiri ana yi masa hukuncin gari, babba kuma hukuncin ƙasa, shi ya sa ake cewa a Lampedusa amma in Sicilia, tsibirin nan da Larabawa suke kira Siƙilliyya, wanda Musulmi suka mulka fiye da shekara ɗari biyu. Matafiyi yana tafiya in treno, a jirgin ƙasa, ko in macchina, a mota, amma in da ƙafa ne sai a ce a piedi, in bisa doki ne a cavallo. Wanda ya nemi illar kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai gaji. Nahawiyyanmu suna da suna ga irin wannan, sukan ce sama'i ne, abin da aka ji daga bakin masu harshe aka riƙe, ba a yin ƙiyasi a kansa.

Da kuwa ta fi haɗari, domin kunnen Bahaushe yana jinta ya fassara kafin hankali ya iso. A wurinmu da ta tarayya ce da haɗi da kayan aiki: na zo da Musa, gero da dawa, na yanka da wuƙa. A wurinsu wannan aiki na con ne, con Musa, tare da Musa, in kuma haɗa abu biyu ne suna da wata kalma dabam. Tasu da asalinta min ce, farkon iyaka, vengo da Sokoto, daga Sakkwato nake zuwa. Har nan da sauƙi, mutum ya riƙa tuna cewa da tasu daga ce tamu. Amma sai ga ta kuma a cikin vado da Musa, inda aikatau ɗin na tafiya ne, abin da ya biyo baya kuma mutum ne, nan take ma'anar ta juya ta zama wurin: za ni wurin Musa, za ni gidansa. Yaron da ya ji an ce masa haka ya ɗauka tare da Musa za a tafi, ko daga wurin Musa aka fito, ya yi kuskure biyu mabambanta a kan harafi ɗaya, kuma babu abin da zai fisshe shi sai tambayar malamin zaure, da me ya rataya. A nan Hausa ta taimake shi fiye da yadda wani harshe zai yi, domin mu ma ba mu cewa na je likita, sai na je wurin likita. Mun riga mun saba bambanta zuwa gari da zuwa ga mutum. Ita ce kuma dai take nuna wanda ya aikata a cikin zance mai ɓoyayyen fa'ili, kuma ita ce take nuna abin da aka yi wani abu dominsa.

Wannan na ƙarshe ya kamata ɗan kasuwa ya tsaya a kansa. Di ita ce mai aikin ilafa, aikin da muke yi da ɗan harafin nan da muke liƙawa a ƙarshen suna, fatar akuya, gidan Musa. Su sai su ce pelle di capra, la casa di Musa, kuma wanda aka tambaye shi asalinsa ya ce sono di Sokoto, ni mutumin Sakkwato ne. To amma namu harafin yana da faɗin ƙirji, yana ɗaukar ma'anoni da yawa ba ya ƙorafi: mukan ce takalman fata, mu ce takalman maza, lafazi ɗaya, alhali na farko yana faɗin abin da aka yi su da shi, na biyu yana faɗin waɗanda aka yi su dominsu. Italiyanci ya raba: scarpe di pelle, scarpe da uomo. Haka una tazza di tè kofi ne cike da shayi, una tazza da tè kuwa kofin shan shayi ne ko babu ɗigo a ciki.

Sai sha'anin lokaci, inda kuɗi suke shiga. Ku ɗauki kwana talatin, trenta giorni, ku riƙa canja masa harafin gaba ku ga abin da zai faru. Tra trenta giorni, nan da kwana talatin, abin yana gaba bai zo ba. Da trenta giorni, tun kwana talatin da suka wuce ake ciki har yanzu. Per trenta giorni, har tsawon kwana talatin. In trenta giorni, a cikin kwana talatin za a fara a gama. Mai fatun da aka rubuto masa wasiƙa game da biyan kuɗinsa, in bai rarrabe tsakanin waɗannan huɗu ba, yana iya zama yana jiran abin da aka ce ya wuce, ko ya yi fushi a kan abin da lokacinsa bai yi ba. Fuƙaha'unmu kuwa sun sharɗanta a babin ciniki cewa ajali ya zama sananne, kuma ba ya zama sananne ga wanda bai fahimci lafazin da aka yanka shi da shi ba. Haka ɗan'uwanmu da ke zaune can, takardar izinin zamansa sunanta permesso di soggiorno, abin da ya biyo bayan per a jikinta kuwa, ko studio ko lavoro, karatu ko aiki, shi ne yake faɗin dalilin zamansa da iyakar abin da doka ta yarje masa. Tun 2018 kuma dokarsu ta wajabta wa baƙon da ke neman zama ɗan ƙasa ta hanyar aure ko ta daɗewar zama ya nuna shaidar ya iya harshen zuwa wani mataki.

Su ba ta da wahala, bisa ce, ala ce. Tra da fra kuwa ma'anarsu ɗaya, tsakanin, ba abin da ya raba su sai daɗin kunne: sukan zaɓi tra fratelli, tsakanin 'yan'uwa, da fra tre giorni, nan da kwana uku, domin kada sauti iri ɗaya ya yi karo da kansa a baki. Wanda ya karanta balaga ya san wannan, shi ne gudun tanafuri da aka sanya cikin sharuɗɗan fasaha, kuma ina jin daɗi ƙwarai duk sa'ad da na ga mutanen da teku da Sahara suka raba sun haɗu a kan hukunci ɗaya saboda kunnen ɗan Adam iri ɗaya ne.

Ba zan bar wannan magana ba sai na juyo da ita gida, domin a nan ne take yi mini ciwo. Harshenmu yana da nasa haruffan, a, da, daga, ga, ta, zuwa, har, sai, don, kamar, yana kuma da wata hikima tasa ta ɗauko sunayen gaɓoɓin jiki ya auna duniya da su: cikin ɗaki daga ciki, kan tudu daga kai, bakin kogi daga baki, bayan gari daga baya, gaban alƙali daga gaba. Kowane aikatau namu ya san abokin tafiyarsa. Ana amfana da abu, ana bambanta da wani, ana dogara ga Allah, ana rabuwa da mutum, ana fama da ciwo. Amma yau, a cikin labaran da ake fassarawa da gaggawa, da takardun sanarwa, da rubutun da yara suke yi a waya, sai ka ji ya amfana daga, ya bambanta daga, ya dogara a kan, kalmomin duk na Hausa ne amma ɗinkin na Ingilishi, kuma saboda babu baƙuwar kalma ko ɗaya a ciki kunne ba ya faɗakuwa, har abin ya zauna. Mu ma'aikatan rediyo nauyin nan ya fi hawa kanmu, gama abin da muka faɗa da safe shi yara suke maimaitawa da maraice. Aron suna ba ya yi wa harshe illa, mun ari littafi da alƙalami daga Larabawa, mun ari mota da tebur daga Turawa, Hausa tana nan Hausa. Aron harafin jarra kuwa yana taɓa ginin zance ne daga ciki. Kuma ina roƙon 'ya'yanmu na garin nan kada su ji kunyar ma ɗinsu, su ce na hwaɗa ma Audu, su ce ya ba muna, a inda Bakano zai ce wa da mana. Daidaitacciyar Hausa tana da muhallinta a makaranta da jarida, karin harshen Sakkwato kuma da shi aka yi wa'azi aka rera waƙoƙin ilmi tun zamanin Nana Asma'u.

Abin da zai ƙara muku sha'awa shi ne wahalar nan ta kowane ɓangare ce. A birnin Napoli akwai jami'ar da ake kira L'Orientale, inda aka daɗe ana koyar da Hausa, kuma wani malaminta, Farfesa Sergio Baldi, ya yi bincike mai yawa game da kalmomin Larabci da suka shigo harshenmu, ya kuma wallafa ƙamus na Hausa da Italiyanci. Ɗalibin da ke zaune can gaban allo yana fuskantar namu da, wadda take zama tare a nan, ta zama kayan aiki a can, ta nuna lokaci a cikin da safe da da dare, ta nuna mallaka a cikin yana da doki, ta bi aikatau a cikin sayar da, shi ma kunnensa yana ce masa daga, kuma shi ma babu mafita gare shi sai ya koyi kowace da abin da ta rataya gare shi.

Saboda haka shawarata ga wanda ya ɗauki niyyar koyon wannan harshe, ko don fatauci ko don karatu ko don ya karanta wasiƙar da aka aiko masa, ita ce ya tanadi ɗan littafi, kada ya rubuta harafi tsirara a cikinsa ko sau ɗaya, sai tare da aikatau da suna, jimla cikakkiya wadda ya ji daga bakin mai harshe ko ya gani a rubutunsa, kamar yadda nahawiyyai ba sa kafa ƙa'ida sai da shahidi. Ya rubuta comincio a lavorare, ina fara aiki, kusa da finisco di lavorare, ina gama aiki, ya lura cewa farawa tana tafiya da a, gamawa da di, ya karanta su da ƙarfi safe da yamma kamar yadda ake tilawa har harshensa ya saba. In kuma ya taɓa karatun zaure, ya rubuta takwaran Larabci a gefe, zai ga sau da yawa min da ila da lam sun fi kai shi kusa da ma'ana.

Saura babi ɗaya wanda lokaci bai bar mu mu shiga ba, watau yadda biyar daga cikin haruffan nan suke narkewa a cikin kalmar ta'arifi idan sun haɗu da ita, di da il su zama del, a da il su zama al, da da il su zama dal, in da il su zama nel, su da il su zama sul, kwatankwacin yadda lam da alif-lam suke haɗuwa su ba da lil a Larabci. Da shi za mu fara a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, kuma mai alƙalami ya zo da takardarsa ta yau, domin a kanta za mu ɗora.